Abin da Ya Sa Fetur Ke Gudu, Zuma Ke Jan Ƙafa



Duk wanda aka taɓa yi wa allura a asibiti ya san sanyin nan da ke ratsa damtse idan ma'aikaciyar jinya ta goga audugar sifirit. Kafin ta ɗauko sirinji, wurin ya bushe ƙayau. Da ruwa ta goga, da sai an ɗan jira. Da man gyaɗa ne kuwa, har gobe da safe yana nan yana maiƙo. Dukkan ukun masu gudana ne, fatar ɗaya ce, zafin ɗakin ɗaya ne, amma kowanne da halinsa. Wannan hali ba a launi yake ba, ba kuma a ƙamshi ba. Yana ɓoye ne a inda ido ba ya kaiwa, wato a yadda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa ko mai suke riƙe da junansu.

Waɗannan ƙwayoyi su masana ke kira molikul, kuma ƙanƙantarsu ta wuce misali. Adadinsu a ɗigon ruwa guda, in za a rubuta shi, sai an sa 1 a jera masa sifiri 21. Kowace ƙwaya kuma haɗin wasu ƙanana ce da ake kira atam. Ta ruwa, atam uku ne: oksijin ɗaya, haidurojin biyu. To a nan riƙo iri biyu ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke ɓata. Abin ya yi kama da unguwa. Atam ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya 'yan gida ɗaya ne, jini ya haɗa su, raba su sai da babban dalili. Tsakanin wannan ƙwaya da waccan kuwa maƙwabtaka ce: ana gaisawa, ana riƙe juna, amma idan wuta ta yi wuta kowa yana iya kama gabansa. A ruwa, ƙarfin da ake buƙata a raba 'yan gida ɗaya ya ninka wanda ake buƙata a raba maƙwabta fiye da sau 20. Shi ya sa idan tukunya ta tafasa, tururin da ke tashi ruwa ne har yanzu. Bai rabu ya koma oksijin da haidurojin ba. Maƙwabta ne kawai suka saki juna.

Zafi kuwa ba komai ba ne illa motsi. Ƙwayoyin kullum cikin kai-komo suke, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurinsu. Idan riƙo ya rinjayi motsi, abu ya daskare. Idan motsi ya rinjayi riƙo, ya zama iska. Abu mai gudana yana tsakani ne, inda ba a saki juna ba, ba a kuma tsaya wuri ɗaya ba.

Mutumin da ya fara sa wannan magana cikin lissafi ɗan kafinta ne daga birnin Leiden na ƙasar Holan, Johannes van der Waals, wanda aka haifa a 1837. Malamin makaranta ne, kuma ya daɗe ba shi da damar zama jarrabawar jami'a saboda bai yi Latin da Girkanci ba, sai da aka sassauta masa wannan sharaɗi. A 1873, yana da shekara 35, ya gabatar da kundin digirinsa na uku, inda ya nuna cewa ba za a fahimci yadda iska ke komawa ruwa ba sai an yarda da abu biyu: ƙwayoyin suna da jiki da ke cin wuri, kuma suna jan junansu. A lokacin akwai manyan masana da ba su ma yarda akwai ƙwayoyin ba. An ba shi kyautar Nobel a 1910, kuma da lissafinsa wani ɗan ƙasarsu, Kamerlingh Onnes, ya yi jagora har ya mayar da iskar hiliyom ruwa a 1908. Hiliyom ita ce mafi raunin riƙo a duk abin da aka sani. Sai an sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos kafin ƙwayoyinta su yarda su zauna tare.

Van der Waals ya san akwai jan, amma dalilinsa sai a 1930 Bajamushen nan Fritz London ya fayyace. Kowane atam yana da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaya shi ba tsayawa. A wani ƙiftawar ido sai su fi yawa a gefe guda, gefen ya zama negetif, ɗayan ya zama fozitif, kamar yadda masu gyaran batir ke faɗa. Ƙwayar da ke kusa sai ta amsa, ta juyo da kishiyar fuska, su ja juna. Nan take abin ya wuce, nan take kuma ya sake faruwa. Riƙo ne mai rauni ƙwarai, amma yana cikin kowane abu, kuma yana ƙaruwa da girman ƙwaya da tsawonta. Kada a raina shi. Binciken da Kellar Autumn da abokan aikinsa suka yi a Amurka, suka wallafa a 2000 da 2002, ya nuna cewa da irin wannan riƙo tsaka ke tafiya a silin, kanta a ƙasa, ba da wani danƙo ba. Tafin ƙafarta cike yake da siraran gashi masu rassa, waɗanda ke manne wa bango kusa ainun har jan ya yi aiki.

Inda wannan riƙo ya fi fitowa fili shi ne gidan mai. Iskar gas ta girki, fetur, kananzir, dizal, baƙin mai da kwalta, duk dangi ɗaya ne: sarƙoƙin kabon ne da haidurojin ya lulluɓe. Tsawon sarƙa ne ya raba su. Misen, mai kabon ɗaya, tana tafasa a wajen digiri 161 ƙasa da sifiri. Furofen, mai uku, a 42 ƙasa da sifiri. Buten, mai huɗu, dab da sifiri. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne a tukunyar gas ta kicin, kuma idan aka girgiza tukunyar aka ji abu yana motsi, gaskiya ne ruwa ne a ciki, matsi ne ya tilasta wa ƙwayoyin kusantar juna. Da an buɗe sai su tsere. Daga kabon biyar abin ya zama mai gudana a zafin ɗaki. Fetur yana ɗauke da sarƙoƙi masu kabon kamar 5 zuwa 12, kananzir kamar 10 zuwa 16, dizal ya ɗara haka, baƙin mai ya wuce 20, kwalta kuwa sai ta ga wuta take motsi.

Matatar mai da wannan bambanci take fara aikinta. Ko ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ko ta Soraz kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, ko ta Dangote a Lekki da aka gina don ganga 650,000, matakin farko ɗaya ne. A dafa ɗanyen mai, a tura tururinsa cikin doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa da sanyi a sama. Masu dogayen sarƙoƙi tun a ƙasa suke kama juna su koma ruwa. Masu gajeru sai sun hau can sama. A kowane hawa a sa bututu a kwashe.

Siffa ma tana da tata rawar, kuma matan da ke sana'ar mai sun san sakamakon ko da ba a taɓa zana musu shi a allo ba. Man kaɗanya a daskare yake, man gyaɗa a narke. Akwai sinadarai biyu na kitse da ke bayyana dalili, kowanne da kabon 18. Na farko, sitiyarik, sarƙarsa miƙaƙƙiya ce, don haka ƙwayoyinsa na kwanciya gefe da gefe, tun daga kai har ƙafa suna taɓa juna, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa. Na biyu, oleyik, yana da lanƙwasa guda a tsakiyar sarƙa. Wannan lanƙwasa kaɗai ta hana su jeruwa, shi ya sa tun a wajen digiri 14 ya riga ya narke. Man kaɗanya yana da sitiyarik da yawa, man gyaɗa kuwa masu lanƙwasa ne suka fi yawa a cikinsa. Man kaɗanya yana narkewa ne kusa da zafin jikin mutum, abin da ya sa yake zama a ƙoƙo amma ya narke a tafin hannu, kuma abin da ya sa masu yin cakulan da man shafawa a Turai ke sayensa daga Afirka ta Yamma. Manja yana tsakani, shi ya sa da sanyin hunturu sai an kai jarkarsa rana.

Sai ruwa, wanda ya karya duk wannan tsari.

Ƙwayar ruwa 'yar mitsitsiya ce. Nauyinta 18 ne a ma'aunin masana, na misen 16, kusan ɗaya ke nan. Amma misen tana tafasa a 161 ƙasa da sifiri, ruwa sai a 100 sama da sifiri. Akwai kuma wata iska mai warin baragurbi, wadda gininta irin na ruwa ne sak, sai dai farar wuta ce a gurbin oksijin. Ta kusa ninka ruwa nauyi, duk da haka tana tafasa a 60 ƙasa da sifiri. Da ruwa ya bi sahun danginsa, da ya tafasa a wajen 80 ƙasa da sifiri, da babu kogin Kwara, babu tafkin Chadi, babu jini a jijiya.

Abin da ya fitar da ruwa daban shi ne oksijin yana da haɗamar lantarki. Yana janye ƙwayoyin lantarkin zuwa gefensa, ya bar haidurojin biyun kusan tsirara. Ƙwayar kuma ba miƙaƙƙiya ba ce, a tanƙware take da kusurwar digiri 104 da rabi, saboda haka gefe ɗaya negetif ne na dindindin, ɗayan fozitif. Haidurojin na wannan ƙwaya sai ya kama oksijin na waccan. Wannan shi ake kira riƙon haidurojin, wanda Latimer da Rodebush suka bayyana a Kalifoniya a 1920, Linus Pauling kuma ya yaɗa shi a littafinsa na 1939. Ƙwayar ruwa ɗaya tana iya riƙe huɗu a lokaci guda. Riƙon ba ya daɗewa, ana saki ana sake kamawa sau ɗaruruwan biliyoyi a daƙiƙa guda, amma a kowane lokaci mafi yawansu a riƙe suke.

Wanda ke shakka ya dubi wasu tagwaye biyu. Etanol, jigon sifirit, yana da kabon 2, haidurojin 6, oksijin 1. Akwai wani sinadari, daimetil ita, mai wannan adadi daidai wa daida. A etanol akwai haidurojin ɗaya da ke manne da oksijin, a ɗayan babu. Etanol yana tafasa a 78, ɗan'uwansa a wajen 24 ƙasa da sifiri. Wurin zaman atam ɗaya ya jawo tazarar fiye da digiri 100.

Wannan riƙo na ruwa shi ke sanyaya randa. Kafin ƙwaya ta bar ruwa ta shiga iska sai ta fizge daga maƙwabtanta, kuma fizgewar tana cin zafi mai yawa. Zafin da ake buƙata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ya ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau 5. Randar yumɓu tana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ya jiƙa bayanta, masu saurin cikin ƙwayoyin su tashi, su tafi da zafin, a bar masu sanyi a ciki. Randar da aka shafe da fenti ta toshe, ba za ta yi sanyi ba. Gumi ma haka yake aiki, shi ya sa digiri 40 na Sakkwato da busasshiyar iska ya fi sauƙin ɗauka a inuwa a kan abin da mutum zai zata, alhali 32 na Legas yana jiƙa riga ba tare da ya sanyaya mai ita ba. Iskar can ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar ƙari da sauri.

Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, a kan wannan ya gina aikinsa a shekarun 1990. Tukunya ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a bisa. Ruwan yashin yana tashi ta jikin babbar, zafin yana fita daga ƙaramar. Masu kyautar Rolex, da suka karrama shi a 2000, sun bayyana cewa gautar da kan lalace a kwana 3 ta kai kwana 27 a cikin wannan tukunya. Babu waya, babu janareta. Abin takaici shi ne ɗalibin sakandare a Dutse ko Haɗeja yana iya haddace sunayen waɗannan riƙo don jarrabawar WAEC ko NECO, ya rubuta su daidai, ya dawo gida ya ɗebi ruwa a randa, ba tare da kowa ya taɓa gaya masa cewa darasin ne a cikin moɗa ba. Malaman kimiyya kan yi kukan rashin kayan gwaji, kuma kukan gaskiya ne. Amma wannan babi na cikin waɗanda ba su da wannan uzuri.

Tafasa kuma ba a kan riƙo kaɗai ta dogara ba, har da nauyin iskar da ke danne saman tukunya. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka wake ya fi daɗewa bai nuna ba. A ƙolin dutsen Everest kuwa a wajen 70 yake tafasa. Idan aka bi ta ɗaya ɓangaren, wato sanyi, ruwa yana da wani abin mamakin: da zai daskare, riƙon nan huɗu-huɗu yana jera ƙwayoyin da fili a tsakaninsu, sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Kwalbar da aka cika aka manta a firiza ta fashe ke nan, ƙanƙara kuma ta yi iyo a saman zoɓo maimakon ta nutse.

A koma saman ruwan. Ƙwayar da ke tsakiyar kofi ana jan ta ta kowace fuska. Wadda ke sama kuwa ba ta da kowa a bisanta, saboda haka ciki kawai ake jan ta, sai fuskar ruwan ta ɗaure. Allurar ɗinki ta fi ruwa nauyi kusan sau 8, amma in aka kwantar da ita a hankali sai ta zauna a sama. Ɗigo yana dunƙulewa. Tsutsar sauro tana rataye a wannan fuska tana shaƙar iska. Ɗaurin fuskar ruwa ya ninka na sifirit fiye da sau 3, na zaiba kuma, wadda ƙarfe ce narkakkiya mai nata irin riƙon, ya ninka na ruwa fiye da sau 6, shi ya sa idan ma'aunin zafi ya fashe take birgima a dunƙule ba ta jiƙa komai.

Cikin waɗanda suka fara auna wannan ɗauri da kyau akwai wata mace da ba ta taɓa shiga jami'a ba. Agnes Pockels a birnin Braunschweig na Jamus take, tana jinyar iyayenta, a zamanin da ba a ɗaukar mata karatu mai zurfi. Wajen wanke-wanke ta lura da yadda maiƙo da sabulu ke sauya fuskar ruwa, ta ƙera ɗan kwamin gwangwani da ma'auni na kanta, ta shekara kusan 10 tana gwaji. A 1891 ta rubuta wa Lord Rayleigh na Ingila wasiƙa, shi kuma ya sa aka fassara ta aka buga a mujallar Nature. Irin kwamin nata ne Irving Langmuir ya inganta a Amurka, ya samu Nobel a 1932, shekarar da ita ma aka ba ta digirin girmamawa a garinsu. Tun kafin su, Benjamin Franklin ya ba da rahoto a 1774 cewa ƙaramin cokali ɗaya na mai ya bazu a kan wani kududdufi a Clapham ta Landan har ya rufe kusan rabin eka, ya kwantar da igiyar ruwan. Bai yi lissafin kaurin shimfiɗar ba. Da ya yi, da ya samu tsawon ƙwaya guda, fiye da shekara 100 kafin Rayleigh ya auna shi.

Mai da ruwa ba sa haɗuwa don ƙwayoyin ruwa sun fi son riƙon junansu, mai kuwa ba shi da hannun da zai miƙa musu. Sabulu, ko na kanti ko na salo, ƙwayarsa fuska biyu gare ta: kai mai shiga ruwa, jela mai shiga maiƙo. Yana kewaye maiƙon ya ba ruwa abin kamawa, ya kuma sassauta ɗaurin fuskar ruwan har ya iya ratsa zaren tufa. Mai a saman kududdufi kuwa yana toshe wa tsutsar sauro hanyar numfashi, kuma da wannan dabara, tare da yashe fadamu, William Gorgas ya yaƙi shawara da zazzaɓin cizon sauro a aikin mashigin Fanama daga 1904. Wannan ba izini ba ne ga bakanike ya juye baƙin mai a kwata, domin ƙarshensa rijiyar unguwa ce.

Akwai inda wannan ɗauri ya zama batun rai. Cikin huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kowace a jiƙe. Da ruwa zalla ne a jikinsu, da ɗaurinsa ya manne su duk lokacin da aka fitar da numfashi. Jiki yana yin wani sinadari mai aiki irin na sabulu don hana haka, amma ba ya wadata sai ciki ya kai wajen mako 34 ko 35. A 1959 likita Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna a Harvard cewa rashinsa ne ke sa jarirai bakwaini su yi ta kokawa da numfashi har su galabaita. Daga nan aka samu magani biyu: allurar da ake yi wa uwa idan naƙuda ta zo da wuri don huhun jariri ya yi saurin nuna, wadda Liggins da Howie suka gwada a New Zealand a 1972, da kuma zuba sinadarin kai tsaye a huhun jariri, wanda Fujiwara ya yi nasararsa a Japan a 1980.

Lagwanin fitila yana jan kananzir sama saboda mai yana kama zaren, na baya kuma yana bin na gaba. Bishiya ta kai abin maƙura. Famfon da ke zuƙo ruwa daga bakin rijiya ba ya iya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10 komai ƙarfin injinsa, amma a Kalifoniya akwai bishiyoyi da suka haura mita 110, kuma ruwa yana kaiwa ganyen ƙarshe. Dixon da Joly na Dublin suka kawo bayanin a 1894: ƙwayar da ta tashi daga ganye tana jan ta bayanta, ita ma ta ja ta bayanta, zaren ruwa guda ba tsinkewa har saiwa.

Kauri kuwa, wato yadda abu ke ƙin gudu, shi ne wahalar da ƙwayoyi ke sha wajen gogar juna su wuce. Giliserin da ake shafawa da hunturu yana da wuraren riƙon haidurojin uku a kowace ƙwaya, shi ya sa ya fi ruwa kauri fiye da sau 1,000, sai a digiri 290 yake tafasa, kuma yake riƙe danshi a fata. Zuma sukari ce mai hannuwa da yawa da ruwa kaɗan, ƙasa da kashi 20 cikin 100. A ajiye ta a rana, motsi ya ƙaru, sai ta saki jiki. Baƙin mai ma haka, kuma abin da lambobin jikin galan ke faɗa ke nan. A 20W-50, ta farko tana nuna yadda yake gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100, lokacin da inji ya ɗau zafi.

Akwai wani daɗaɗɗen gwajin kauri a jami'ar Queensland a Ostireliya. A 1927 Farfesa Thomas Parnell ya zuba narkakkiyar kwalta a mazurari, ya bar ta ta zauna shekara 3, ya yanke bakin a 1930. Kwalta ce da in an buga mata guduma sai ta tarwatse, amma tana gudana. Ɗigon farko ya faɗo a 1938, na tara a 2014. An ƙiyasta ta fi ruwa kauri fiye da sau biliyan 200. John Mainstone, wanda ya kula da gwajin tun 1961 har rasuwarsa a 2013, bai taɓa ganin ɗigo ya faɗo da idonsa ba. A 2000 an kafa kyamara, ta ƙi aiki a daidai lokacin.

A cikin dangin nan na gidan mai, ƙarshen da ya fi raunin riƙo shi ya fi barazana. Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Saboda ƙwayoyinsa ba sa riƙe juna da ƙarfi, tun a digiri 43 ƙasa da sifiri yake fitar da tururin da ya isa ya kama. Kananzir sai ya kai aƙalla 38 sama da sifiri, dizal sai ya haura 50. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, don haka ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi, ya kwanta a kwata da rami, ya yi nisa da inda aka zubar. Idan ya kai kashi ɗaya da rabi zuwa kamar 7 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya isa: ashana, salansar babur, janareta, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta.

A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, jama'a suka fito ɗiban fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata 3, a Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa fiye da 80. A Mayun 2019 an yi a Yamai, kusa da filin jirgin sama, fiye da 50 suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu mai musun cewa talauci da tsadar mai ne suka kai mutane bakin waɗannan tankoki. Amma da yawa daga waɗanda wutar ta ci ba su taɓa man ba, kallo suke yi daga inda suka ɗauka tudun mun tsira ne, alhali suna tsaye ne a cikin tururin da ba sa gani.

Kananzir da aka gauraya da fetur ma ta wannan hanya yake kisa. A cikin tankin fitila ko risho, sararin da ke saman kananzir zalla ba shi da tururin da zai kama. In fetur zalla ne a rufaffen wuri, tururin ya yi yawa har babu isasshiyar iskar da za ta ci da shi. Gaurayen, ko da fetur ɗin kaɗan ne, shi ke faɗawa daidai tsakani, inda wutar lagwani ke iya bin kafa ta shiga ciki. Lissafin ɗaya ne da na tankin mota da aka juye: wanda babu mai a cikinsa ya fi cikakke hatsari, shi ya sa ƙwararren mai walda ba ya kai masa wuta sai ya wanke shi sosai, ya cika shi da ruwa ya kore tururin.